KALMAR "ALLEGEDLY" A JARIDUN TURANCI
Jawabi a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan



Kalma ɗaya tak muka kawo yau, watau allegedly. Ana furta ta alejidli, gaɓa huɗu. Masana nahawu suna kiran irinta bayanau, domin tana ƙara bayani a kan aikin da aka ambata. Tushenta allege, wato a faɗi laifin mutum ba tare da an tabbatar ba tukuna. Mu a Hausa ai muna da ita tuntuni, ita ce "wai", ko "ana zargin".

To, me ya kawo ta wannan taro? Yawancinmu a nan ba mu karanta Tribune ko Punch da kanmu. Yaro ɗan makaranta ne ke karanta mana a rumfar goro ko a kara, yana fassarawa. Jarida ta rubuta cewa wani allegedly stole a cow, sai yaron ya ce "ya saci saniya". Ya haɗiye kalmar ke nan, ya mai da zargi hukunci. Kafin la'asar magana ta kai masallaci, mutumin ya zama ɓarawo, alhali ko gaban alƙali bai je ba. Daidai shi ne a ce "wai ya saci saniya".

Ɗan jarida ba don ado yake sa ta ba, tsoron ƙarar ɓata suna yake yi. Doka ma haka ta ce: sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Ranar da aka yanke hukunci, za ku ga kalmar ta ɓace daga labarin.

Amma fa jama'a, kaifinta biyu. In ɗanmu aka zarga, da sauri muke cewa ai wai ne. To haka za mu riƙe ta in an rubuta cewa ɗan gari allegedly ya taɓa namu. Mu baƙi ne masu dukiya a kasuwa, kuma mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999 da kasuwar Sasa a 2021.

Don Allah masu karanta wa dattawa, in kun zo kanta ku faɗe ta da ƙarfi.