Kalmomin Aikin Kundin Shekara na Makaranta



Duk wanda ya halarci bikin yaye ɗalibai ko walimar saukar Alƙur'ani a Kinkinau, ko a maƙwabtanta Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, ya san ɗan littafin nan mai ƙyalli da a kan raba wa iyaye: jawabin shugaban makaranta a gaba, hotunan malamai, sa'an nan fuskokin waɗanda suka kammala, kowa da sunansa a ƙarƙashi. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne kalmomin da a ke bukata kafin littafin ya fito, domin saɓanin da ke aukuwa tsakanin makaranta da mai ɗab'i sau da yawa daga kalma ya ke farawa.

Da farko sunan abin kansa. An fi kiransa mujalla, amma mujalla aba ce da a ke karantawa a ajiye, ta gaba ta maye gurbinta. Wannan kuwa sau ɗaya ya ke fitowa a rayuwar kowane aji, a adana shi a ƙasan akwati. Kalmar kundi ta fi dacewa da shi. Asalinta tarin takardun da malami ya ke adana fa'idoji da laƙunƙuna a ciki, daga baya ta yi naso har aka sami kundin digiri da kundin tsarin mulki. Kundin shekara ke nan, ko kundin yaye.

Hausa ba baƙuwa ba ce a sana'ar littafi. Malaman zaure sun bar alƙalami da tawada da zayyana, da hashiya, wato abin da a ke rubutawa a gefen matani, da tadarishi da gafaka na adana littafi. Littattafansu ba a ɗinke su, kuma ba su da lamba. Kalmar farko ta waraƙar gaba a kan rubuta a ƙasan wadda ta gabace ta, don kada jeri ya rikice. Daga wannan gado akwai kalmomi biyu da ya wajaba a raba, waraƙa da shafi. Waraƙa ɗaya shafi biyu gare ta, ciki da baya. Malamin da ya je maɗaba'a ya ce yana son "takarda 40", shi waraƙa ya ke nufi, wato shafi 80, mai ɗab'i kuwa feji 40 ya ji, ya yanke kuɗi a kan haka. Ranar da gaskiya ta bayyana, sai a tarar an karɓi kuɗin iyaye a kan rabin aiki.

Har ila yau, yawan shafuka ba ganin dama ba ne. Kundin da za a yi wa ɗinkin waya a tsakiya, kowane fallen takarda ninke shi a ke yi biyu ya ba da shafi 4, saboda haka ana iya buga shafi 48 ko 52, amma ba 50 ba. Idan kundin ya yi kauri sai a koma ga ɗaurin gam, wanda ya ke ba bango ƙashin baya, inda za a rubuta sunan makaranta da shekara. Don haka kafin a rubuta ko da layi ɗaya a kan ninke fararen takardu a yi kwaikwayon kundin, a rubuta abin da zai zauna a kowane shafi. Ana iya kiran wannan taswirar kundi.

Kashi na biyu na kalmomin aikin jarida ne ya yaɗa su, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da Kamfanin Gaskiya na 1945. Edita, kanu, sakin layi, babban baƙi da ƙaramin baƙi, duk sun zauna, ba su bukatar gyara.

Wahalar tana ga kashi na uku, na zamanin kwamfuta, musamman sha'anin hoto. Allon waya da hasken launi uku ya ke haɗa hoto, ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu ya ke aiki, shuɗi mai haske da ja mai shunayya da rawaya da baƙi, kowace da farantinta. Shi ya sa koren hijabin ɗalibai ya kan fito daban da yadda aka gani a allo, kuma shafi mai launi ya fi na baƙi zalla tsada. Hoton ɗab'i yana son ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, da an faɗaɗa shi sai fuska ta dushe. Hoton da zai cika shafi kuma a kan bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe, wadda wuƙar yanka za ta ci. Rarar yanka suna ne da ya ishe ta.

Saura furuf, wato bugun gwaji da a ke kawowa a duba kafin a hau inji. Tun cikin shekarun 1930 rubutun boko ya karɓi baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kuma kwamfutar yau ta san su. Amma da yawa daga salon baƙaƙen ado da masu tsara shafi su ke sha'awa ba su ɗauke da su, sai wurin baƙin ya fito da ɗan akwati, ko mai aikin ya cire lanƙwasar don ya huta. Ta haka Ɗahiru ya ke komawa Dahiru, Ruƙayya ta koma Rukayya, bayanin hoton manyan baƙi kuma ya fito "manyan baki", a ƙarƙashin fuskokin mutanen da aka gayyato don a girmama su. Sa hannu a kan furuf shi ne iznin bugu, kuskuren da ya wuce wannan mataki na makaranta ne. Malamin kowane aji ya kamata ya zauna da rajista, ya bi shafin ajinsa suna bayan suna, fuska bayan fuska, kafin shugaban makaranta ya sa hannu.