Ciwon Haƙori Ba Abin Rainawa Ba Ne



Mu da muka taso a ƙasar Bici, ko a cikin gari ko a Badume da Saye da Ɗanzabuwa, mun san yadda ake yi da ciwon haƙori a gidajenmu. Magidanci zai kwana yana juyi, in gari ya waye ya ɗaure muƙamuƙinsa da rawani ya nufi gona, domin damina ba ta jiran mai ciwo. Idan abin ya matsa, sai a cusa kanwa ko garin taba a cikin kogon, wani ma har ruwan batir yake ɗigawa, wai don ya kashe tsutsa. Ba a tunawa da asibiti sai fuska ta kumbura. Wannan jinkiri shi muke so mu yi magana a kansa yau, domin shi ke mai da ƙaramin ciwo ya zama na ajali.

Da farko dai, babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a dattin da ke manne wa haƙora. Duk lokacin da muka sha alewa ko lemon kwalba ko shayi mai sukari, sai su ci sukarin su fitar da wani tsami mai narkar da bayan haƙori sannu a hankali. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ramin ya kai ga jijiya, sai ciwo ya tashi. Kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ko tauna kanumfari, ko shan farasitamol, duk suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba sa cike rami. Ruwan batir kuwa, da ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin dasashi, ƙona naman baki kawai suke yi.

Akwai halaye uku da ba sa jiran gobe. Na farko shi ne kumburi. Idan jijiyar haƙori ta mutu, ciwon kan lafa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali mugunya ce ke taruwa a gindin haƙorin. In kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, to a nemi mota a daren nan, domin irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi. A fara da Babban Asibitin Bici. In an tura mutum Kano, tafiyar kimanin kilomita 40 ce, kuma akwai likitocin haƙori a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Na biyu, fitar haƙori gaba ɗaya saboda faɗuwa daga babur ko karo a filin ƙwallo. Mutane da yawa ba su san ana iya mayar da shi ya kama ba. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi ba tare da gogewa ba, a mayar da shi gurbinsa, a ciza tsumma mai tsabta a kai. In hakan ta faskara, a tsoma shi cikin madara a garzaya asibiti kafin awa 1 ta cika. Amma haƙorin yarinta, wanda yaro zai famfare, ba a mayar da shi.

Na uku, jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori. A naɗe ƙyalle mai tsabta a ciza da ƙarfi na minti 20, ba tofarwa, ba kurkurewa. In bai tsaya ba, a koma wurin likita.

Sai kuma maganar ƙannenmu. Iyayenmu mata sukan ɗora gudawa da zazzaɓin jariri a kan fitar haƙora, har a bar yaro ya galabaita ana cewa ai haƙori ne. Fitar haƙora ba ta kawo gudawa mai tsanani. Yaron da ke wannan hali magani yake bukata. Daɗin daɗawa, akwai cutar da likitoci ke kira noma, wadda ba ta da dangantaka da aikin gona. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Takan fara da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu. In an kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Saboda wannan cuta aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

Rigakafin duk wannan bai fi ƙarfin talaka ba. Asuwaki sunna ne, kuma yana fitar da datti matuƙar an bi kowane haƙori ciki da waje, har matauni na can ƙurya. Wanda ke da hali ya haɗa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, sau 2 a rana, musamman kafin barci. A guji gurza haƙora da gawayi ko toka, domin suna kankare bayansu. A lura kuma cewa mataunin da ke fito wa yaro yana ɗan shekara 6 na dindindin ne. In ya ruɓe, wani ba zai tsiro ba.

'Yan'uwa, da kuɗin gero da gyaɗa aka biya mana makaranta. Mafi ƙarancin abin da za mu saka wa iyayenmu da shi, shi ne idan mun koma gida hutu mu duba bakin ƙannenmu, mu zauna a zaure da tsakar gida mu bayyana waɗannan alamu, kuma ranar da muka ga kumburi ya sauko haɓar wani, mu ne za mu tsaya kai da fata sai an tafi asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.