Jawabin Taron Wata: Kafin Mu Sayi Hita

 Hunturu ya kama, har mun fara shiga Kasuwar Kure neman hita saboda tsofaffi da jarirai. To, kada girmanta ko ƙyallinta ya ruɗe mu. Mu juya bayanta mu duba lambar wat. Mai wat 2,000 ta ninka mai 1,000 zafi, haka ta ninka ta cin wuta: yunit biyu kowace awa. Ƙaramin ɗaki, mai 1,000 ta wadatar. Jona babbar a siririyar waya kuwa, neman gobara ne. Masu kaskon gawayi, don Allah mu fitar da shi kafin barci. Gubarsa ba ta wari, amma tana kisa a rufaffen ɗaki. Allah Ya kiyaye mu.