Hukuma takarda take karantawa

Iyayena da 'yan'uwana mazauna Ingila.

Duk kun ji abin da ya sami yaronmu makon jiya. Bizarsa ta ƙare, ya yi shiru don kunya, sai da aka zo aka ɗauke shi a wurin aiki. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, kuma wani mutum ne yake ta faɗo mini a rai.

Sunansa F.H.K. Henrion, Bayahude mai zane, haifaffen Nuremberg ta Jamus a 1914. Da Hitler ya hau mulki a 1933 ya bar gida zuwa Paris, inda ya koyi zanen fasta a hannun Paul Colin, ya ƙaraso Ingila a 1936. To, a 1940, yaƙi ya yi zafi, aka kama shi aka tsare a tsibirin Man a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Ku dubi wannan lamari, jama'a! Mutumin da ya gudo daga hannun Hitler, shi aka kulle, don a takarda Bajamushe ne. Ba a tambayi zuciyarsa ba.

Da aka sake shi ya shiga yi wa gwamnatin da ta tsare shi fastocin yaƙi. Daga baya shi ya tsara wa kamfanin jiragen KLM alamarsa, kambin nan mai ɗigo huɗu da kuke gani a wutsiyar jirgi in kun bi ta Amsterdam za ku gida. Ya rasu a 1990 da darajarsa.

Shi fa bai yi sakaci ba, duk da haka takarda ta kai shi bayan waya. Ina ga wanda ya bar tasa ta mutu a aljihu?

Samarinmu, wallahi ina alfahari da ku. Kuna fita cikin sanyin asuba, kuna aika wa iyaye abin da ya samu. Amma wannan zurfin ciki ya ishe ni. Wa za ka ɓoye wa? Mu da muka ci tuwo a kwano ɗaya?

Kowa ya koma gida yau ya duba ranar da izininsa zai ƙare. In saura wata uku, ya zo ya same mu, mu haɗa kuɗin lauya tun da sauran lokaci. Ga asusun yaron nan a bakin ƙofa, don Allah kada kowa ya wuce bai sa hannu ba.