Ruwan Sama Mai Tsami Da Dokar Hayaƙi

Yau zan yi muku bayani a kan ruwan sama mai tsami, da yadda gwamnatocin Turai suka shawo kansa.

Kwal ɗin da masana'antu ke ƙonawa yana ɗauke da farar wuta. Sa'ad da hayaƙinsa ya gauraya da danshin gajimare, sai ruwan sama ya sauko da tsami, ya kashe kifin tafkuna, ya raunana itatuwa, ya cinye duwatsun gini.

Cikin 1952 hazon hayaƙi ya rufe birnin Landan, mutane dubbai suka halaka. Sabo da haka Gwamnatin Ingila ta kafa dokar tsabtace iska cikin 1956. To, amma dogayen bututan hayaƙin da aka gina daga baya, kau da cutar kurum suka yi, iska ta kwashe ta ta kai Norwe da Suwidin. Watau mai hura wuta dabam, mai shan hayaƙi dabam.

Ganin haka, cikin 1979 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Janiba. Cikin 1985 kuma, a Helsinki, waɗansunsu suka yi alkawarin rage hayaƙin farar wuta da kashi 30 cikin 100. Tashoshin lantarki da yawa suka shiga wanke hayaƙinsu da ruwan farar ƙasa. Tsamin ya ragu ƙwarai, har kifi ya komo waɗansu kogunan Norwe.

Hayaƙi bai san iyakar ƙasa ba, don haka dokar ƙasa guda ba ta isa ta tsare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.