Zurfin da Sanda Ba Ta Gani: Lacca Kan Lissafin Ruwan Magudana



Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai yana shiga gonakin Kadawa da Kura. Duk wanda ya yi aiki a bakin irin waɗannan magudanai ya san yadda ake auna zurfi: a tsoma sanda a tsakiya, a duba inda ta jiƙe. Wannan awo gaskiya ne, amma na tsakiya kaɗai yake faɗa. Ruwa kuwa ba a tsakiya kawai yake tafiya ba. Magudanar ƙasa gefenta a kishingiɗe yake, ta yadda kusa da baki ruwan bai wuce idon sawu ba. Shi ya sa injiniyoyi ke aiki da wani zurfi na lissafi, wanda za mu kira matsakaicin zurfi.

Ga yadda ake samunsa. A ƙaddara an yanka magudana a gicciye. A lissafa girman filin da ruwa ya cika a fuskar yankan, sannan a raba shi da faɗin ruwan a sama, daga wannan baki zuwa wancan. Kamar mai awo ne ya baje hatsi a faranti har samansa ya daidaita, sannan ya auna kaurinsa.

A lambatun siminti mai miƙaƙƙen gefe babu wahala, abin da sanda ta nuna shi ne amsar. A magudana mai tsinin gindi, amsar rabin abin da sanda ta nuna ce. Inda aikin yake shi ne magudana mai shimfiɗaɗɗen gindi da kishingiɗaɗɗen gefe, wadda ita ce aka fi ginawa a noman rani. Ku ɗauki alƙalami. Faɗin gindi mita 2, zurfin tsakiya mita 1, kowane gefe kuma yana buɗewa mita 1.5 a duk tashin mita 1. Faɗin sama ya zama mita 5. Tsakatsakin 2 da 5 shi ne 3.5, a ninka da zurfi, fili ya zama murabba'in mita 3.5. A raba da 5, sai a sami mita 0.7. Sanda ta ce mita guda, lissafi ya ce kashi 30 cikin ɗari babu.

To, me ya sa za mu damu da wannan giɓi? Saboda shi ke faɗa mana halin ruwan. In ka jefa dutse a magudana, igiyar ruwan da ta tashi tana da nata gudun, kuma matsakaicin zurfi ne ke yanke shi. Ana ninka zurfin da 9.81, wato ƙarfin jan ƙasa, sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako. A misalinmu, igiya na gudun mita 2.62 a sakan guda. Sai a raba gudun ruwan da gudun igiya. Abin da ya fito shi ake kira lambar Furud, da sunan Wiliyam Furud, injiniyan Ingila da ya rasu a 1879, wanda shi kansa jiragen ruwa ne sana'arsa, ba magudanai ba. In lambar ba ta kai 1 ba, ruwan natsattse ne: igiya na iya komawa baya, kuma ƙofar da aka rufe a gaba za ta sa ruwa ya taru a bayanta. In ta wuce 1, ruwan ya zama mai gaggawa, ba ya jin labarin abin da ke gabansa sai ya ci karo da shi.

Yanzu ku duba haɗarin. A ce ruwa ya biyo gangara yana gudun mita 2.8 a sakan. Wanda ya yi aiki da awon sanda zai sami 0.89, ya ce lafiya lau. Wanda ya yi aiki da mita 0.7 zai sami 1.07. Ruwa ɗaya, hukunci biyu, kuma na farko kuskure ne. Ruwa mai gaggawa idan ya tarar da natsattse sai ya yi tsalle, ya tumbatsa yana kumfa, ya sauke ƙarfinsa a wuri guda. In ba a zuba siminti ko an jera duwatsu a nan ba, gindin magudana ne zai biya, zaizaya ta bi bango.

Akwai wani ruɗani da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. Lissafin da Robat Manin, injiniyan ƙasar Ailan, ya gabatar a 1889, shi ma yana raba filin ruwa, amma da tsawon jikin magudanar da ruwa ya taɓa, gindi da gefe biyu. Wannan gogayya yake aunawa, don a san yawan ruwan da zai wuce. A misalinmu yana ba da kusan 0.62, ba 0.7 ba. A kogi mai faɗi sosai su biyun kusan ɗaya suke, a ƙaramar magudana kuwa kowa da aikinsa.

Kwalbati mai zagaye kuma a yi hattara da shi. Mai faɗin mita 1, in ruwa ya kai rabi, matsakaicin zurfinsa mita 0.39 ne. Yana dab da cika faɗin sama sai ya tsuke, amsa ta yi ta hauhawa ba iyaka. Da ya cika ya zama bututu, wannan lissafi ya daina aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne dogaro da zanen ofis. Laka na cike gindi, gefe na ruftawa, kuma mutanen Haɗejia da Nguru sun ga yadda kachala ke shaƙe hanyoyin ruwa. Magudanar da aka zana ba ita ce ke kwance a gona bayan shekara goma ba. Kafin a buɗe ruwan rani, a ja igiya daga baki zuwa baki daidai inda ruwa ke kaiwa, a tsoma sanda daga igiyar zuwa gindi a kowane rabin mita, a haɗa filin yanki-yanki, sannan a raba da tsawon igiyar. Mutum biyu da sanda ɗaya sun isa.