Karen Jagora A Gidan Wasa

   

Yau hirar tamu za ta yi nisan zango, don har ƙasar Amurka za mu leƙa, alhali ko zaure ba ki taka ba. Kin dai san yadda yaranmu ke ɗokin zuwa gidan zu ranar yawon Sallah, su hau lilo su hau majaujawa. To, a can suna da irin waɗannan gidajen wasa, sai dai nasu gari ne guda. Akwai Disneyland a jihar Kalifoniya wanda aka buɗe a 1955, akwai kuma Disney World a jihar Fulorida wanda aka buɗe a 1971. Shi wannan na biyun faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 100, da manyan filayen wasa huɗu a ciki. Abin da zan ba ki labari shi ne yadda makaho, ko kurma, ko mai farfaɗiya yake shiga wannan cunkoso ya yini, ɗan rakiyarsa kuwa kare.

Na san wata ta riga ta ce, "Kare kuma? Allah ya sawwaƙe!" Yi haƙuri Hajiya, Allah ɗaya gari bamban. Ba irin karen layi da ke bin juji ake nufi ba. Kare ne da aka horar tun yana ɗan kwikwiyo, horon da kan ɗauki kusan shekara biyu kafin a damƙa shi ga mai shi. Abin ya kankama ne a ƙasar Jamus, inda aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a 1916 saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Amurka kuma aka kafa makarantar The Seeing Eye a 1929, tana nan har yau.

Aikinsu iri-iri ne. Na makaho yana sanye da wata ɗamara mai mariƙi a gadon baya, ya kauce da ubangidansa daga rami, ya tsaya cak a bakin titi ko matakala. Har ana koya masa ya ƙi bin umarni idan akwai haɗari. Ko an ce masa ya tafi, in ya ga mota tafe, ba zai gusa ba. Na kurma yakan taɓa mai shi idan an ƙwanƙwasa ƙofa ko jariri ya yi kuka. Na mai keken guragu yakan ɗauko abin da ya faɗi ƙasa. Akwai wanda aka hora ya tsaya kan mai farfaɗiya ko ya nemo taimako idan ta tashi.

To, me ya ba kare izinin shiga inda aka hana dabbobi? Doka ce. A 1990 Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce duk inda jama'a ke shiga, kanti ne, asibiti ne, gidan abinci ne ko gidan wasa, ba a hana naƙasasshe shiga da karensa na aiki. Idan lalurar mutum ba a fili take ba, tambaya biyu kacal ma'aikaci ke da ikon yi: shin saboda wata naƙasa ake tafe da karen nan? Wane aiki aka koya masa? Shi ke nan. Ba shi da hurumin ya ce a faɗa masa ciwon, ko a nuna takardar likita, ko a sa karen ya gwada aikinsa a gaban mutane. Kin ga an rufa wa mai lalura asiri.

Amma shi ma mai karen akwai nasa sharaɗin. Dole karen ya kasance a ƙarƙashin ikonsa, galibi da igiya a wuya. In ya shiga haushi yana damun jama'a aka kasa tsawata masa, ko ya zama mai ɓata wuri da kashi da fitsari, ana iya cewa a fitar da shi, shi kuwa mai shi ya ci gaba da yawonsa. Karen da aikinsa ɗebe kewa ne kawai ba ya cikin wannan doka. Da yake ba a rasa masu son banza, wasu kan saya wa karensu na gida riga su ce na aiki ne. Saboda haka a 2015 jihar Fulorida ta mai da wannan ƙarya laifi, hukuncinsa ya kai ɗaurin kwana 60 ko tarar dala 500.

Yanzu mu shiga cikin filin. A gidajen Disney kare na bin mai shi kusan ko'ina, cikin layi, ɗakin kallo, wurin cin abinci, har cikin 'yan kwale-kwalen da ke tafiya a hankali. Amma akwai abubuwan hawa da ba a sa shi, irin ɗan jirgin nan da ke hawa sama ya gangaro a guje yana juyi da mutane, don ba yadda za a ɗaure kare a kujerarsa. A nan zaɓi biyu ne. Ko dai wani daga cikin iyalin ya tsaya da karen, in mai shi ya sauko shi ma ya hau ba tare da sake bin dogon layi ba, ko kuma a sa karen a wani keji da aka tanada a gefe. Su ma'aikata ba a yarda su karɓi igiyar su riƙe ba. An kuma keɓe wuraren da karen zai kama ruwa, mai shi ya kwashe abin da ya yi.

Wahalar ba ta ƙare nan ba. Fulorida ƙasar zafi ce, kwalta kan yi zafin da zai sale tafin kare, shi ya sa wasu ke sa masa 'yan takalma. Kare ba ya gumi irin namu, da lallage harshe yake rage zafi, don haka sai da gorar ruwa da ɗan kwano, da hutu a inuwa akai-akai. Da dare ga wasan wuta mai ƙara kamar aradu. Ga yara masu jefa abinci, ga masu son shafa. Mai hankali tun a gida yake shiri: ya duba taswirar wurin, ya san abin da za a hau da wanda za a bari, ya zo da sassafe, rana ta take ya koma masauki.

Idan Allah ya kai ki irin waɗannan ƙasashe, ko kina da 'ya'ya masu karatu a can, ga ladabin abin. Kada a taɓa karen, kada a kira shi, kada a ba shi abinci, domin shagaltar da shi daidai yake da rufe wa mai gani ido a tsakiyar titi. In magana ce, a yi da mutumin. In kina tsoro ko kina gudun ya taɓa miki tufafi, ki ɗan matsa gefe cikin natsuwa, ba sai kin yi ihu ba.

Ta fuskar addini kuwa, mun san an yi rangwamen ajiye kare don farauta, da kiwo, da gadin gona. Musulmin Ingila ma sun fuskanci wannan tambaya, har a 2008 wata majalisar malamai ta ba da fatawar da ta ba wani saurayi makaho damar zuwa masallaci a birnin Lesta da karensa. Aka keɓe wa karen wuri a waje da inda ake salla. Sauran bayani sai a tuntuɓi malamai, su ne masu abin.

Ba ina cewa gobe a sayo wa kowane makaho kare ba ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma 'yar'uwa, ki tsaya ki yi tunani: a garinmu wa ke yin aikin da karen nan ke yi? Yaro ne, ko yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, riƙe da bakin sanda tun safe har magariba. Sa'o'inta suna aji, ita tana bakin kasuwa. Ido biyu aka ara wa mutum ɗaya, aka rufe wa ɗayan ƙofar karatu. In a gidanku akwai mai buƙatar jagora, a raba aikin tsakanin manya, kada a ɗora wa yaro guda. A kuma nemi inda ake koya wa makafi tafiya da farar sanda. Makarantun makafi ba baƙi ba ne a Arewa, ta Gindiri tun 1953 take.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Su can sun yarda cewa mai lalura ma yana da haƙƙin nishaɗi, ba asibiti kaɗai za a kai shi ba. Mu fa? Ranar Sallah a yi wa yara kwalliya su fita, a bar makauniyar 'yarki ko gurgun ɗanki a tsakar gida, wai gudun wahala, ko gudun idon mutane. Yaron nan yana jin sowar 'yan'uwansa sun dawo suna ba da labari, ke kuma kina ganin ai ya saba. Wallahi bai saba ba, shiru kawai ya yi.

Mu ma muna da doka. A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Sai dai doka ba ta shiga ɗakinki ta ɗaura wa yarinya ɗankwali. Wannan naki ne. Ke ba kya fita, amma ke ce mai shirya masu fita. Ki yi wa maigida magana tun Sallah da saura. Ki zaɓi babban wa ko ƙanwarki mai haƙuri ta riƙe hannunsa. A tafi da wuri kafin cunkoso, a riƙe ruwa, in mai shan magani ne a sa a jaka. Ki ce wa mai rakiyar ya riƙa faɗa masa abin da ake gani: ga zaki can a kwance, ga jimina ta miƙa wuya. In lilon bai dace da shi ba, ya hau wanda ya dace. In sun dawo, shi za ki fara tambaya labari.

To 'yan'uwa, lokaci ya yi halinsa, a nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.